Takardar da Yaya Ya Sa Wa Hannu

Tarauni, Kano
Talata, 21 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga Yaya Baballe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Binta da yara.

Na rubuto ne don ba zan iya faɗin abin da ke bakina ta waya ba. Kujerar da nake zaune a kai manne take da gadon Inna, kuma ka san ta, ƙugu ne ya karye, kunne yana nan garau. In na fita baranda na kira ka, ko dai ka ƙi ɗauka ko ka ce za ka neme ni. Malam Ɗan'azumi mai adaidaita, wanda ke kawo mana abinci tunda yana da takardar jigilar ma'aikatan asibitin nan a cikin dokar kulle, shi zai ba ka wannan.

An yi hoto. Ƙashin cinya ne ya karye daga can sama, inda yake shiga ƙugu. Dakta Abdullateef, likitan ƙashi, ya nuna mini, ya tambaye ni yaushe ta faɗi. Da na ce ranar Alhamis, sai ya ƙirga da yatsa ya dube ni kamar ni ce na bar ta. Yaya, kwana uku tana kwance a falo mai ɗori yana murza wurin da man shanu, kuma da ba don Anti Binta ta saci jiki ta kira ni a Hotoro ba, da har yau ban sani ba. Sa'ad da Obiamaka ta kwance tsumman da ya naɗa mata, sai da na fita na tofar da yawu. Fatar ta sale, fitsari ya jiƙa tsumman ya bushe ya sake jiƙawa. Uwarmu ce fa, wadda ko ƙuda ba ya sauka a kwanonta.

Obiamaka ɗin da ka sani ce, 'yar gidan marigayi Baba Sylvanus mai gyaran rediyo na bayan layinmu. Nas ce a nan. Ita ta sama mana gado bayan asibiti biyu sun kore mu tun daga bakin ƙofa, kuma ita kaɗai ke taɓa Inna da hannunta. Sauran daga nesa suke miƙo magani kamar masu ba kare abinci. Fo ɗin yin bayan gida na ɗakin nan guda ne, mu da wata tsohuwa Mama Muhibbat da aka yi wa aikin gwiwa muke karɓa-karɓa da shi, kuma ni nake wankewa saboda mai shara ta daina zuwa. Ba zan gaya maka yadda banɗakin yake ba, kada na ɓata maka abinci.

Ga abin da likita ya ce. Tsoho in ya karye a ƙugu, ba karayar ce ke kashe shi ba, kwanciyar ce. Baya ya yi gyambo, jini ya daskare a ƙafa, ruwa ya taru a huhu. Don haka yana so ya yi tiyata jibi. Amma ya ce bana akwai wani haɗarin. Idan korona tana jikin mutum, ko da ba ta nuna kanta ba, wahalar tiyata kan tayar da ita ta kama huhu, kuma irin su Inna ba kasafai suke tashi ba. Tun jiya muke kiran lambar masu gwaji ba a ɗauka, saboda haka ba shi da abin dogaro sai maganarmu. In akwai shakka, zai tura ta inda ake da iskar oksijin wadatacciya da ɗakin keɓewa, a yi aikin can da shiri na daban.

Ya ba ni takarda mai tambayoyi: ko wani a gida ya yi zazzaɓi ko tari a mako biyun nan, ko an yi baƙo mara lafiya, ko an yi rasuwa. Na ce ni ba a gidan nake ba, yayana ne zai cika. Ga ta nan na haɗo. Na faɗa masa Kawu Inuwa ya rasu ranar Juma'a, amma a gidansa na Ƙauyen Alu, da hawan jini, kamar yadda ka gaya mini. Ban faɗa wa Inna rasuwar ƙanin nata ba, tunda ka hana.

Yau da safe ta yi tari sau biyu. Wataƙila kunu ne ya sarƙe ta. Don Allah ka duba takardar da kyau kafin ka sa hannu.

Ka gaida gida. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Kubura

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
22 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga ƙanwata Malama Kubura,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina sanar da ke wasiƙarki ta iso, na karanta ta daga farko har ƙarshe, duk da akwai kalmomin da bai kamata ƙanwa ta rubuta wa yayanta ba. Na ɗauke su a matsayin gajiyar jinya.

Game da mai ɗori, ina tunatar da ke cewa mutumin nan shi ya ɗora hannun mahaifinmu, kuma hannun ya yi aiki har ya koma ga Allah. Ban kira shi don ƙeta ba. Gari a kulle, jami'ai a kowace mahaɗa, me kike so na yi?

Game da cutar da ake yayatawa, kin san matsayina. Shekara talatin na yi a ofishin ƙaramar hukuma, na san yadda ake ƙirƙiro magana a kan takarda. Tun da aka dawo mulkin farar hula, shekara ashirin da ɗaya ke nan, wace rana mutanen nan suka taɓa gaya mana gaskiya? Sun ce za a ba mu ruwa, sun ce za a ba mu wuta. Yau kuma sun ce akwai ciwon da ba a gani, a rufe masallatai. Zafi ne ya yi yawa, tsofaffi kuma duk shekara a irin wannan lokaci sukan tafi. Na faɗi haka a majalisarmu ta ƙofar gida, ina kuma maimaita miki.

Na cika takardar, na sa hannu, na mayar. Babu mai zazzaɓi a gidan nan a halin yanzu. Ki gaya wa likita ya yi aikinsa kada ya tsaya neman dalili. Wancan wurin keɓewa da yake magana, ba a kai mahaifiyata can ina raye. An ce wanda ya shiga, 'yan'uwansa ba sa ƙara ganinsa.

Rashin zuwana kuwa, wata 'yar kasala ce ta kama ni, ga kuma sha'anin hanya. Da zarar an sassauta zan zo. Ki ci gaba da riƙe maganar Kawu a cikinki har ta warware.

Ki miƙa gaisuwata ga Inna, ki ce muna yi mata addu'a. Ki gode wa yarinyar nan Obiamaka. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne.

Wassalam. Yayanki,
Baballe

*

Tarauni
Litinin, 27 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina yi maka barka da shan ruwa, don Inna ta koya mini gaisuwa ko da raina a ɓace yake.

An yi aikin ranar Alhamis kamar yadda ka ji ta waya. Likita ya karanta takardarka a gabana, ya ga duk layukan ka rubuta babu, ya ce alhamdu lillahi, ya shiga da ita. Allura aka yi mata a gadon baya, ba a ma sa ta barci ba. Ranar Juma'a ta sha kunu kofi guda. Ranar Asabar Obiamaka ta zaunar da ita a bakin gado, ta rungume ta ƙirji da ƙirji ta miƙar da ita tsaye, Inna tana dariya tana cewa 'yar Sylvanus ta zama ƙatuwa. Har Mama Muhibbat ta tafa mana daga gadonta. Na ɗauka mun haye.

A wannan zaman ne hankalinta ya dawo sosai, karon farko tun faɗuwarta. Ina tsefe mata kai sai ta ce, "Kubura, ya jikin Inuwa? Tarin nan ya bar shi ya runtsa kuwa?"

Na ce wane tari, Inna.

Ta ba ni labari tiryan-tiryan, tana mamakin yadda ban sani ba. Kawu ya zo gidan da zazzaɓi mako guda kafin kulle, tunda ba shi da mai kula da shi a Ƙauyen Alu. A ɗakinta ka sauke shi. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke goge masa majina, yana tari har yana shiɗewa, ya ce ko ƙamshin miya ba ya ji. Ranar Alhamis ɗin, robar kakinsa ta ɗauka za ta zubar, santsi ya kwashe ta a bakin rariya. Ta ce kai ma kwana biyu kana kwance da masassara a lokacin.

Obiamaka tana tsaye tana jin komai. Ta dubi hannuwanta, ta gyara ɗan takunkumin da take wankewa tana maimaitawa tun makon jiya, ta fita ta kira likita.

Jiya zazzaɓi ya rufe Inna. Yau numfashinta kamar ana jan buhu a kan siminti. Tukunyar oksijin ɗaya ce a asibitin nan, an sa mata, kuma likita ya ce ba za ta kai jibi ba. Ya kira wuraren da suke da kayan aiki, kowa ya ce ya cika, ko kuma ba ya karɓar wanda aka riga aka yanka ba tare da sakamakon gwaji ba. Da tun farko ne, ya ce, da ya san inda zai tura ta. Bai yi mini faɗa ba. Ya ciro takardarka daga fayil, ya ajiye a kan gadon, ya ce, "Malama, wannan sa hannun waye?" Na ce na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba sai yau.

Nas biyu sun ajiye aiki da rana tsaka. Mai kawo magani yanzu a ƙasa yake ajiyewa ya tura da ƙafa. 'Yar Mama Muhibbat ta zo ta tsaya ta taga tana zagina da Yarabanci da Hausa, kuma tana da gaskiya. Kwana takwas uwarta tana shaƙar iska ɗaya da mu.

Abincin da aka kawo yau na bayar. Na buɗe kwanon, na tuna hannun da ya rufe shi da bakin da ya ce babu, sai na mayar da murfin.

Ina so ka rubuto mini da hannun nan naka ka gaya mini dalili. Kada ka kira.

Kubura

*

Gyaɗi-Gyaɗi
28 ga Afrilu, 2020

Malama Kubura,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan jikin Inna da sauƙi.

Kin nemi dalili, ga shi. Da farko ban yi miki ƙarya ba. Na ce Kawu ya rasu a gidansa, kuma a gidansa ya rasu. Washegarin faɗuwar Inna na ga ba mai iya jinyar mutum biyu, na sa aka mayar da shi Ƙauyen Alu da safe, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Yana da hawan jini, kowa ya sani. A takarda kuma an tambaya ko akwai mai zazzaɓi, ranar da na cika ta nawa ya riga ya sauka. Ba wanda ya gwada Kawu balle a ce ga abin da ya kashe shi.

Na biyu, ki yi mini adalci. Da na rubuta e, me zai faru? Ke da bakinki kika ce asibiti biyu sun kore ku alhali ba su ji komai ba. Da sun ji, da a titi za ki kwana da ita. Likitan da yake cewa yau da ya san inda zai tura ta, faɗa ce kawai bayan abu ya wuce. Na ga bayan Inna kafin ku tafi, na ga yadda ya fara ruɓewa. Na zaɓi a yi mata aiki ta tashi, maimakon a jefa ta wani ɗaki ta narke ita kaɗai. In kuskure ne, kuskuren ɗa ne mai son uwarsa.

Akwai kuma abin da ke ba za ki gane ba, don aure ya kai ki Hotoro. Ni nake zaune a layin nan. Kin san abin da aka yi wa gidan da motar masu fararen kaya ta tsaya a can wajen titin gidan zu? Ko mai ruwa ya daina shiga. Ina da 'ya'ya mata. Sannan mutumin da ya yi wata guda yana gaya wa jama'a babu ciwon nan, ta yaya zai fito ya ce ga shi a ɗakin uwarsa?

Har yanzu ban gamsu cewa ita ce ba. Zazzaɓi bayan tiyata ba sabon abu ba ne. Rai da ajali na Allah ne, ba takarda ke kawo su ba. Na sa an sauke Alƙur'ani, na yi sadaka.

Ki ci abinci, Kubura. Binta ce ta dafa, ba ni ba.

Allah Ya tashi kafaɗarta. Yayanki,
Baballe

*

Hotoro
Asabar, 2 ga Mayu

Yaya Baballe,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya sa ta huta.

Ka ga gawa a naɗe, ka yi salla, ka binne. Ba ka ga yadda ta tafi ba, kuma ina ganin haƙƙinka ne ka sani.

Oksijin ya ƙare ranar Laraba da hantsi. Daga nan har azahar ɗin Alhamis tana jan iska da baki da wuya da kafaɗu, leɓenta ya koma launin toka. Ba a iya kifa ta a kan cikinta yadda ake yi wa masu ciwon ba, saboda ɗinkin ƙugu. In an ɗaga ta numfashi ya ɗan samu, ƙafar ta sa ta ihu, in an kwantar da ita ƙafar ta lafa, numfashi ya tsaya. Haka muka yi ta yi ni da Obiamaka, ɗaga, kwantar. Ɗinkin ya buɗe ya fara ruwa. Ta kira sunanka sau uku. Na ce kana hanya. Ka ga ni ma ka koya mini.

Abu na ƙarshe da ta faɗa da hankalinta shi ne a ajiye wa Inuwa zuma a kan firji, tana yi masa amfani.

Bayan ta cika, mai asibitin, wanda tun zuwanmu ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya sauko da takunkumi biyu a hanci. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya sa aka rubuta ciwon zuciya a takardar rasuwa, ya ce mu fita da ita ta ƙofar baya kafin masu zuwa ganin likita na yamma su taru. Dakta Abdullateef ya ƙi sa hannu, suka yi ta musu a kan gawar kamar masu cinikin akuya, ƙarshe shi mai asibitin ya sa da kansa. A ransa kada a rufe masa wuri. Na dube shi na ga kamar na san shi. Irin maganarku ɗaya, har yadda yake gyara murya kafin ya kawo hujja.

Ni da Obiamaka muka yi mata wanka, da safar hannu da ledar shara a jikinmu. Ba addininta ba ne, amma ita ke zuba ruwa ina gaya mata inda za ta zuba, tana kuka a cikin takunkumi.

Jiya Anti Binta ta gaya mini ka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna ta zuwa, kana miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya, ana shan ruwa da kofi guda bayan magariba. Wai har ka ce wa maƙwabcinka Alhaji Isyaku aikin likitoci ne ya kashe ta. Dattijon nan mai ciwon suga, shi ma ka rungume shi?

Ba zan zo zaman makoki ba. Ina ɗakin baya a gidana, na kulle kaina, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. 'Yata ƙarama tana leƙowa ta taga tana tambaya me ta yi mini. Jikina ba zafi zuwa yanzu.

Mama Muhibbat ta fara tari ranar da Inna ta rasu. Obiamaka kuma yau ta kira ni, muryarta a dishe, ta ce zazzaɓi ya kama ta, an ce ta zauna a gida. Kana iya ganin rufin gidansu daga tsakar gidanka. Cikinta wata biyar, in ba ka sani ba.

Ka ce kuskuren ɗa ne mai son uwarsa. Na juya maganar nan kwana huɗu. Wataƙila da ka faɗi gaskiya ma da Inna ta tafi, ban sani ba, likita ma ya ce bai sani ba. Amma da ba a kwantar da ita kusa da tsohuwar mutane ba, da kuma yarinyar nan ba ta rungume ta da tsumma a hanci ba. Su ba uwarka ba ce. Su me ka zaɓa musu?

Allah Ya ba mu haƙuri.

Kubura

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Alhamis, 7 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Baballe,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ya haƙurin rashin Inna. Allah Ya ba ta hutawa. Ni ce Obiamaka, 'yar Baba Sylvanus. Mijina Ekene zai turo wannan ta ƙarƙashin ƙofarka. Na sa ya shanya ta a rana tun safe, kada ka ji tsoron ɗauka.

Ka yi haƙuri da rubutuna, a kwance nake yin sa. A unguwar nan aka haife ni. Lokacin da mamata take zuwa kasuwa, a ɗakin Inna ake ajiye ni, a can na koyi cin tuwo da miyar kuka, a can na koyi Hausar da nake rubuta maka. Don haka abin da na yi mata ba aikin asibiti ba ne, kuma ban yi nadama ba.

An gwada ni ranar Litinin, sakamako ya fito jiya. Ina da ita. Anjima mota za ta zo ta kai ni wurin keɓewa, don numfashina ya fara nauyi kuma suna tsoro saboda cikin. Mama Muhibbat ta rasu shekaranjiya. Aikin gwiwa kawai aka yi mata, saura kwana biyu a sallame ta.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ranar da na ga takardar nan da sa hannunka mai kyau irin na ma'aikata, na ji kamar na taka ƙazanta da ƙafa ba takalmi. Amma ba don wannan na rubuto ba.

Masu bin sawun cutar sun tambaye ni inda na samo ta. Na ce a wurin aiki, ban faɗi gidanku ba tukuna. Ina so ya fito daga bakinka. Kai kaɗai ka san waɗanda suka shiga duba Kawu Inuwa, da waɗanda suka ɗauke shi, da waɗanda suka yi masa wanka, da mai ɗori, da waɗanda suka zauna a tabarmarka. A cikinsu akwai tsofaffi, kuma kowannensu yana komawa gida wurin wasu. Ka rubuta sunayen, ka kira lambar da ke bayan takardar nan, wadda ke kanta ta san da maganar, za ta ɗauka. In Asabar ta wuce ba ka kira ba, ni zan faɗa. Na gaya maka ne don kada ka ce na ci amanar maƙwabtaka.

In ka ga Ekene a layi, kada ka ba shi haƙuri yanzu. Ba zai iya ji ba.

Ka gaida Anti Binta. Ku sa ni a addu'a.

Taka,
Obiamaka

*

Gyaɗi-Gyaɗi
Asabar, 9 ga Mayu

Kubura,

Assalamu alaikum. Na ga lokacin da aka fito da yarinyar nan ranar Alhamis. Ekene yana riƙe da jakarta, aka hana shi matsawa. Da ƙyar ta taka matakalar motar.

Na kira lambar jiya. Suna arba'in da ɗaya na rubuta, nawa ne na farko. Yau da hantsi suka zo da fararen kayansu, suka tsaya a ƙofar gida kowa yana kallo. Na fito da kaina na zauna a benci aka zura mini tsinken a hanci, sannan Binta da yara. Na gaya musu zancen takardar, da abin da aka rubuta a ta rasuwa. Mutanen layi ba wanda ya yi mini magana tun daga lokacin. An ce Alhaji Isyaku yana kwance tun Laraba.

Ba ni da hujjar da zan kawo miki yau. Ina roƙon ki yafe mini, in za ki iya.

Yayanki,
Baballe

*

Hotoro
Alhamis, 14 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso.

Nawa gwajin ya fito, ba ni da ita, yau na buɗe ƙofa na ɗauki 'yata. An cire wa Obiamaka oksijin jiya, ta yi magana da ni minti biyu. Ba a san halin cikin ba sai an yi hoto. Na ji na Anti Binta ya nuna tana da ita. Ka kula da ita da kanka, ka sa takunkumi, kada ka bar yara su shiga ɗakin.

Abin da ka yi ranar Asabar daidai ne. Batun yafiya kuwa, kada ka tambaye ni yanzu. In na ce na yafe, ƙarya zan yi, kuma ƙarya ta ishe mu haka a gidan nan.

Allah Ya ji ƙan Inna da Kawu da Mama Muhibbat. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Kubura